Zobe na Uku

Litinin, 3 ga wata, 7:20 na safe

Saura sati uku baƙon malami ya zo daga wata makarantar ya duba aikin 'yan ajin ƙarshe. Ɗalibai bakwai ke hannuna bana. Shida aikinsu ya kama hanya. Ta bakwai ɗin ce ke hana ni sukuni, alhali ita ce ta fi su duka: Meyasa. 'Yan ajinsu ne suka laƙaba mata sunan tun shekarar farko, don ba a kai ƙarshen jimla a gabanta ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa?" Ni ma na bi su, har sai na yi tunani kafin in tuno sunanta na rajista.

Aikinta amfilifaya ce ta idon lantarki, ɗan ƙwayar nan mai juya haske ya zama lantarki. Mu a ɗakin gwaji "ido" kawai muke ce masa. Abin da ke fitowa daga ido ƙanƙani ne ƙwarai, kamar raɗa a tsakiyar kasuwa. Ana so amfilifaya ta ɗaga raɗar nan ba tare da ta zuba nata surutun a ciki ba, kuma ta yi saurin bin hasken ko da yana ƙiftawa sau miliyan a daƙiƙa guda. Shiru da sauri. Shekara ashirin da biyu ina koyar da su, ban gaji da mamakin yadda ba sa son zama wuri ɗaya ba.

Saurin ya samu, har ya wuce abin da muka lissafa. Shirun ne ya ƙi. Surutun da ke fitowa ya ninka na takarda sau uku da ɗoriya.

Fitilar kan bencina ta yi rauni. Zan yi wa Baba Sito magana.

Litinin, 4:15 na yamma

Baba Sito shi ke riƙe da makullin kayan gwaji tun kafin a ɗauke ni aiki. Ya zo da sabon ƙwan fitila ya sa, yana mita. "Malam, wannan na uku ke nan a wata biyu. Ko dai cinye su kake yi?" Na ce kayan yanzu ne ba su da aminci. Ya dube ni, ya dubi ƙwan da ya cire, ya sa a aljihu bai jefar ba.

Laraba, 5 ga wata, 1:00 na rana

Darasin yau ya yi daɗi. Na haɗa razista ɗaya tilo, ɗan abin nan mai tauye gudun lantarki, da lasifika ta cikin amfilifaya, ba batir a jikinsa, ba haske, ba komai, na ce su yi shiru. Sai ga shi: shhhh. Wani daga baya ya ce, "Malam, aljanu ne?" Aka yi dariya. Na ce zafi ne. Duk abin da ke da ɗumi yana da surutunsa, kuma babu injiniyan da zai iya hana shi, sai dai ya zaɓi razistan da saƙonsa zai fi surutunsa ƙarfi. A amfilifayar ido, razistan matakin farko in ya yi girma, saƙo yana girma fiye da yadda surutu ke girma. In ya yi ƙanƙanta, an ci baya tun daga ƙofa. Na maimaita musu abin da nake maimaitawa kowace shekara: matakin farko shi ke yanke hukunci, matakan baya sai dai su ƙara wa abin da aka miƙo musu murya.

Sannan dokar ɗakin gwaji, wadda suka haddace har suna rera min ita: a auna kafin a yarda.

Yaran bana suna da wata sabuwar al'ada, su buga rahotonsu da manyan haruffa kamar allon talla. Na ce musu takarda suke ɓatawa. Suka ce yayi ne.

Meyasa ba ta tambayi komai ba yau.

Alhamis, 6 ga wata, 5:30 na yamma

Mun bi da'irar lantarkinta ni da ita tun daga ƙarshe zuwa farko. Mun cire wutar bango mun sa batir, surutu bai motsa ba. Mun gajarta wayoyi. Mun kashe fitilun ɗakin, mun kashe wayoyinmu na hannu, har firijin ofishin da ke maƙwabtaka da mu na roƙa aka kashe. Sau uku da ɗoriya, kamar an kafa shi da ƙusa.

Abu ɗaya ne ba mu taɓa ba: gwangwanin. Matakin farko yana ciki, ni na haɗa shi da hannuna wata Asabar a watan jiya, don wurin yana son hannun da ya saba. Na rufe shi da dalma ta kowane gefe kada surutun waje ya shiga, na miƙa mata na ce, "Wannan na gama da shi, kada ki taɓa." Ba abin da za a duba a can.

Tun farko saƙon da ke fitowa daga gwangwanin ya yi rauni, muka ɗora wa idon laifi, tsoho ne daga cikin sito. Ta ƙara ƙarfin mataki na biyu ta cike gurbin. Gobe za a kawo sabon ido.

Juma'a, 7 ga wata, 11:10 na safe

Sabon ido, tsohon surutu.

Asabar, 8 ga wata, 9:00 na safe

Uwargida ta tambayi mota. Na ce tana wurin makaniki. Ta ce, "Wane makanikin? Wanda ke bayan gida a ƙarƙashin tamfol?" Ta zuba min shayi, ta matso da kofin har ya taɓa yatsuna. Kwanan nan haka take yi, ba ta ajiye abu nesa da hannuna.

Ta ce Talata ce ranar komawa wurin likita. Na ce Talata ina da aji. Ta ce ta riga ta duba jadawalina, ajin na rana ne.

Motar haya ma tana da daɗinta. Mutum yana samun lokacin tunani.

Litinin, 10 ga wata, 3:40 na yamma

Shugaban sashe ya leƙo. Tare muka yi karatu, benci ɗaya, shi ya bi hanyar ofis ni na tsaya wurin dalma. Ya tsaya bayan Meyasa yana kallon allon awo, inda layin da ya kamata ya zama siriri ya yi kauri kamar igiyar shanya.

"Wannan ciyawa ce ko saƙo?" in ji shi.

Ta sunkuyar da kai.

A waje ya ce min, "Mutumina, ka san baƙon bana ba ya wasa. In aikin bai kai ba, gara mu janye ta da kanmu ta maimaita shekara, da a kunyata sashe a gabansa. Takardar janyewa tana wurina, ranar ashirin da ɗaya ake rufewa. Kai za ka sa hannu, kai ne mai kula da ita."

Na tuna masa kamfanin sadarwar da ya ba ta gurbin koyon aiki, da sharaɗin ta gama bana. Ya ce ya sani. Ya ce yarinyar tana da kai, amma ƙila hannunta ne bai nuna ba.

Hannunta ya fi nawa tsafta. Ban faɗa masa ba.

Talata, 11 ga wata, 12:30 na rana

Na je. An ɗiga abin da ake ɗigawa, an sa ni na karanta abin da ake karantawa. An ba ni ambulan mai hatimi, wai in kai wa wurin aikina. Yana cikin aljihun tebur, ƙarƙashin tsofaffin takardun jarrabawa.

Rana ta yi haske da yawa yau.

Laraba, 12 ga wata, 2:20 na rana

Wani mutum ya zo nemana, ya tsaya a ƙofar ɗakin gwaji ya ƙi shigowa sai da na fito. Mahaifin Meyasa ne. Mai gyaran rediyo ne, shekara talatin a rumfa ɗaya. Da muka gaisa na ji tabon dalma a yatsunsa, irin nawa.

"Malam, ba ƙara na kawo ba," ya ce. "Yarinyar ce ba ta cin abinci. In wasa take yi da karatu, a gaya min, ni na san yadda zan yi da ita. In kuma kanta ne bai ɗauka ba, to a gaya min in daina sa mata rai."

Na ce ba ta wasa, kuma kanta ya ɗauka har ya yi saura.

"To mene ne?"

Na ce muna nema.

Ya yi ɗan murmushi. Ya ce tun tana 'yar shekara bakwai take tsince masa razista daga cikin tire, ya kira lamba ta miƙo, ba ta taɓa kuskuren launi ba. "Ni yanzu sai da tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya. Abokan rumfa suna ce min mai bene." Ya yi dariya, na taya shi.

Da ya tafi na koma benci na zauna. Fitilar nan dai.

Alhamis, 13 ga wata, 5:00 na yamma

Mun sake zana hanyar wayar ƙasa. Mun sa kafasita, mai tace wuta, a bakin kowace ƙafa ta wuta. Meyasa ta canja guntun lantarkin da ke mataki na biyu da wanda ya fi shi shiru. Aiki mai kyau, irin wanda zan nuna wa 'yan baya. Bai rage komai ba.

Na lura yanzu in za ta miƙo min wani abu sai ta faɗi sunansa. "Ga razista mai kilo goma, Malam." "Ga ƙaramin sukundireba." In allon awo ya nuna lamba, sai ta karanta da ƙarfi kamar da kanta take magana. Ɗabi'a ce mai kyau ga injiniya. Ban san inda ta koyo ta ba.

Kwana nawa ke nan ba ta ce me ya sa ba? Na ƙirga, na bari.

Asabar, 15 ga wata, 10:00 na safe

Ban fita ba.

Lahadi, 16 ga wata, 4:45 na yamma

Uwargida ta zo ta zauna kusa da ni a tsakar gida da zare da allura. Shekara da shekaru ni nake zura mata zare, don ta ce hannun mai dalma ba ya rawa. Yau ta zura da kanta, ba ta ko miƙo ba.

"Ka kai musu takardar?"

Na ce ana cikin hidimar jarrabawa.

"In ka kai me za su yi?"

Na ce akwai doka. Wanda abin ya kai wani mataki ba ya riƙe ɗakin gwaji, saboda wuta da ƙarfe mai zafi da yaran mutane. Sai a ba shi tebur a ofishin tsara jadawali.

"Tebur ba mutuwa ba ne, Malam."

Na ce ban ce mutuwa ba ne.

Ta ci gaba da ɗinki. Can ta ce, "Ka ce ba mutuwa ba ne, amma fuskarka ta zaman makoki ce."

Talata, 18 ga wata, 8:05 na safe

Na riga kowa shiga. Littafin aikin Meyasa yana kan bencina, a buɗe, a ƙarƙashin gilashin ƙara girma da nake dalma da shi. Ba ta taɓa barin littafinta a ko'ina ba.

Layi huɗu ne a shafin, da manyan haruffa.

Saƙo ya ragu sau goma.
Surutu ya ƙaru sau 3.16.
3.16 sau 3.16 goma ne.
Razistan cikin gwangwani?

Layi na huɗu an soke shi da biro, sau biyu. Kwanan watan da ke saman shafin na ƙarshen watan jiya ne.

Na rufe littafin na mayar kan bencinta.

Talata, 1:30 na rana

Lissafin daidai ne. Ni na koya musu shi tun bara, na maimaita ranar aljanun lasifika. In razistan matakin farko ya gaza sau goma, saƙo zai faɗi sau goma, kuma bayan an cike gurbin a mataki na biyu surutu zai fito sau uku da ɗigo sha shida. Saurin da ya wuce lissafi, wanda na yi ta yabo har na kira wasu su gani, shi ma daga nan yake.

Amma akwai wasu abubuwan da za su iya kawo haka. Dole akwai.

Razista yana da zobba masu launi a jikinsa, da su ake karanta girmansa. Mai kilo ɗari, wanda zane ya nema: ruwan ƙasa, baƙi, rawaya. Na ɗauko shi daga tire da hannuna. Na ɗauki irinsa sau dubu nawa a rayuwata? Ban auna ba. Ranar Asabar ce, ni kaɗai ne, mitar awo tana can ƙarshen ɗaki.

Meyasa ta shigo ta gaishe ni, ta ga littafinta a rufe. Ta ɗauka ta sa a jaka.

Laraba, 19 ga wata, 3:00 na yamma

Shugaba ya aiko da takardar janyewa. A gurbin dalili an riga an buga: ɗaliba ta kasa kammala aikin gwaji. Saura sa hannuna kawai.

Na yi tunanin wata hanya. In zo da sassafe in buɗe gwangwanin ni kaɗai, in canja abin da ke ciki, in rufe. Surutu ya faɗi, kowa ya yi murna, a ce dalma ce ta saki. Ba wanda zai tambaya.

Sai dai baƙon zai tambaya. Zai buɗe littafinta ya ga sati uku na nema, ya ce, "Me ya gyaru?" Ta ce ba ta sani ba, ta faɗi a gabansa. Ko ta yi masa ƙarya saboda ni. Shekara huɗu ina koya mata ta rubuta abin da mita ta nuna ko da bai yi mata daɗi ba.

Kuma ban tabbata zan iya ɗauko na daidai daga tiren ba. Wannan ne karo na farko da na rubuta haka.

Alhamis, 20 ga wata, 6:10 na yamma

Takardu biyu a aljihun tebur ɗaya. Na ɗauko biro na ajiye. Na ɗauko na ajiye.

Baba Sito ya zo rufe tagogi ya same ni zaune. Ya ce, "A kawo wani ƙwan?" Na ce a'a. Ya ce, "Alhamdu lillahi, don aljihuna ya cika."

Juma'a, 21 ga wata, 4:30 na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Ƙarfe tara na aika a kira Shugaba, na ce ya zo ɗakin gwaji ya karɓi takardarsa. Ya zo yana duba agogo. Ɗalibaina bakwai suna nan, da Baba Sito. Na sa aka kawo da'irar Meyasa kan babban benci, na kunna ƙarfen dalma, sannan na miƙa mata.

"Buɗe gwangwanin."

"Malam, ka ce kada in taɓa."

"Na janye."

Ta narkar da dalmar gefe huɗu, a hankali, ba ta ƙona komai ba. Ta ɗaga murfin. Na ce ta karanta min zobban razistan da ke ciki, da ƙarfi, kowa ya ji.

"Ruwan ƙasa."

"Na biyu."

"Baƙi."

"Na uku."

Ta ƙura wa zoben ido. Ina jin ƙarar fanka.

"Na uku, Meyasa."

"Ruwan lemo, Malam."

"Me ya kamata ya zama?"

"Rawaya."

Na ce ta ɗaga ƙafa ɗaya ta auna. Ta karanta: kilo tara da ɗigo tara. Kilo goma ke nan, a inda zane ya ce ɗari.

Na juya wajen Shugaba na ce ni na sa shi, ni na rufe, ni na hana a buɗe. Na ce ɗalibar ta gano tun ƙarshen watan jiya, da lissafi kawai, ba tare da ta ga cikin gwangwanin ba, kuma yana rubuce a littafinta da kwanan wata. Na ce rawaya da ruwan lemo sun zama abu ɗaya a wurina tun bara. Na ciro ambulan na asibitin ido na ba shi, tare da takardar janyewar ba sa hannu.

Ya riƙe su biyun. Ya ce, "Haba, mutumina."

Sai na tambaye ta abin da ke cina tun Talata. Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Baba Sito ya ce, "To fa. Yau suna ya koma kan Malam." Aka yi dariyar da ba ta daɗe ba.

Ta ce, idonta a ƙasa, "In na faɗa, za a tambayi yadda aka yi Malam ya yi kuskuren launi. Kuma mun san dokar."

"Ku wa?"

Wanda ya yi maganar aljanu ya ce, "Duk ajin, Malam. Tun zangon farko. Ranar da ka rubuta a kan rubutun da ke allo ba ka goge ba."

"Manyan haruffan rahoto fa?"

"Ba yayi ba ne, Malam."

Na ce mata, "Da kin maimaita shekara ke nan? Da gurbin kamfanin ya tafi?"

Ta ce ta yi ta neman wata hanyar da za ta rage surutun daga baya, ko da kaɗan ne, yadda zai wuce ba a buɗe ba. Na ce ai na koya mata ba a gyara matakin farko daga baya. Ta ce, "Na sani, Malam. Na dai gwada."

Na so in yi mata faɗa. Na fara ma. Na ce dokar ɗakin nan ba ta ce a auna kafin a yarda sai in Malam ne ya miƙo ba. Ban kai ƙarshen maganar ba, na bar ta a nan.

Juma'a, 5:50 na yamma

Ta tsinci kilo ɗari daga tire, ta auna a gaban mutum biyu, ta sa. Ta mayar da mataki na biyu yadda yake a zane. Saurin ya sauko, sai da ta rage ɗan kafasitan da ke gefen razistan kafin ya tsaya inda muka lissafa tun farko.

Ba na ganin kaurin layin allo sosai, sai na ce a haɗa min lasifika. Da tsohon razista na san muryarsa, sati uku ina jin ta. Ta kunna.

Ya yi ƙasa. Kamar an rufe ƙofa tsakaninka da ruwan sama.

Na faɗa wa uwargida da na dawo. Ta ce, "Sannu." Ta kawo abinci, ta zauna ta ci tare da ni, abin da ta daɗe ba ta yi ba don kullum ina cewa na ƙoshi.

Talata, 25 ga wata, 2:40 na rana

Baƙon malami ya zo. Gajere ne, mai ƙaramar murya, ba ya murmushi. Ya daɗe a kan littafin Meyasa fiye da kan da'irar. Ya tsaya a shafin layi huɗu.

"Wa ya soke wannan?"

"Ni ce."

"Daidai ne kuwa. Don me kika soke?"

Na miƙe zan yi magana, ya ɗaga min hannu. Ta ce, "Na yarda da gwangwanin fiye da lissafina. Kuskure ne, ba zan sake ba." Ya dube ta, ya dube ni, na san Shugaba ya riga ya ba shi labari. Ya ce ta auna surutun a gabansa. Ta auna. Ya kwatanta da takarda, ya rubuta wani abu.

Ta wuce. Duka bakwai ɗin sun wuce.

Mahaifinta yana bakin ƙofa, ya ƙi shigowa kamar wancan karon. Na gaya masa laifin nawa ne, na gaya masa ko mene ne. Sai ya cire tabaransa na sama ya miƙo min. "Gwada bene, Malam." Na gwada don kada in ƙi. Bai yi ba, amma mun yi dariya har Baba Sito ya leƙo.

Alhamis, 27 ga wata, 11:00 na safe

Shugaba ya kira ni. Daga zango mai zuwa ɗakin gwaji zai koma hannun wani. Ya yi ƙoƙari an bar min darasin aji, ba teburin jadawali ba, kuma zan iya shiga ɗakin in zauna in saurara in dai ban riƙe ƙarfen dalma ba. Ya ce iyakar abin da ya iya ke nan. Na san gaskiya ya faɗa. Likita ya ce akwai aikin da za a gwada a ido ɗaya, bai yi alkawari ba.

Na je kwashe kayan bencina. Shekara ashirin da biyu sun shiga kwali ɗaya, har da sauran wuri. Ƙarfen dalmata na ba Meyasa. Ta juya shi a hannu, ta ce, "Malam, me ya sa bakinsa ya karkace haka?"

Na ja kujera na zauna. Bayanin ya ɗauke mu rabin awa.

Alhamis, 1:15 na rana

Na ce wa Baba Sito ya mayar da ƙwayayen nan uku cikin sito. Fitilar lafiyarta lau.